Malesiya: ƙasar da aka gina a kan yarjejeniyar rabo

Duk lokacin da aka tayar da zancen Malesiya a wajenmu, kafin a je ko'ina sai wani ya ce ai su ne suka zo Najeriya suka ɗebi irin kwakwar manja suka tafi da shi, yanzu ga shi sun wuce mu fintinkau. Daga nan sai a yi tsaki, a zagi shugabanni, kowa ya kama gabansa. Maganar tana da ɗan ƙanshin gaskiya amma ta yi gajarta ƙwarai, kuma tana tare mana ganin ƙasar yadda take. Kwakwar manja dai asalinta daga nan yammacin Afirka ne, wannan babu gardama. Amma tun 1848 Turawan Holan suka kai tsiro huɗu lambun gwaji na Bogor a tsibirin Jawa, daga zuriyarsu aka samu irin da ya bazu a yankin, sannan a 1917 wani Bafaranshe mai suna Henri Fauconnier ya buɗe gonar kasuwanci ta farko a Tennamaram cikin jihar Selangor. Shekara 43 ke nan kafin Najeriya ta samu 'yanci. Haka ne daga baya masu bincikensu sun zo Najeriya a farkon shekarun 1970 sun tattara irin daji don inganta nasu, kuma a 1981 sun shigo da wani ɗan ƙwaro daga Kamaru mai yi wa furen kwakwar barbara, aikin da a da lebura ke yi da hannu. To amma iri da ƙwaro ai mu ma muna da su tun kaka da kakanni. Abin da ya ɗaga Malesiya yana wani wajen, kuma sai an bi tarihinta a hankali ake ganinsa.

Bari mu fara da ƙasar kanta. Gida biyu ce, kuma teku ne a tsakani, Tekun Kudancin Sin, tazarar da ta haura kilomita 600. Akwai ɓangaren yamma wanda yake manne da Tailan daga arewa, ya zuro kamar harshe har zuwa bakin Singapo, nan ne Kuala Lumpur take da mafi yawan jama'a. Sai ɓangaren gabas a kan tsibirin Borneo, jihohin Sabah da Sarawak, waɗanda suka yi iyaka da Indunisiya Sarawak kuma ta rungume ƙaramar masarautar Burunai. Gaba ɗaya faɗin ƙasar wajen murabba'in kilomita 330,000 ne, kashi ɗaya cikin uku na Najeriya da ɗan ɗoriya, jama'arta kuma kimanin miliyan 34. Abin lura shi ne Sabah da Sarawak su ke da kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar amma mutanensu ba su wuce kashi 20 ba, ku riƙe wannan don za mu dawo kansa. Babu rani da hunturu irin namu, zafi ne da gumi da ruwan sama shekara zagaye, daji kuwa irin wanda rana ba ta taɓa ƙasa. Daga Nuwamba zuwa Janairu iskar damina kan zo daga arewa maso gabas ta jibga ruwa a Kelantan da Terengganu da Pahang, kusan kowace shekara sai an kwashe dubban mutane saboda ambaliya. Dutsen Kinabalu a Sabah, mai tsayin mita 4,095, shi ne mafi tsawo.

Wannan iskar ita ce ta fara yi wa yankin arziki. A zamanin jiragen ruwa masu filafilai, fatake daga Indiya da ƙasashen Larabawa iska ɗaya ke kawo su, na Sin kuma wata iskar daban, kuma dole kowa ya zauna watanni yana jiran iska ta juya kafin ya koma gida. Wajen zaman jiran shi ne bakin siririn mashigin ruwan da ke tsakanin Malesiya da tsibirin Sumatra. A nan ne wajajen 1400 wani ɗan sarki mai suna Parameswara ya kafa garin Malaka, kafin a jima sarakunan garin suka musulunta, Malaka ta zama kasuwar duniya kuma cibiyar yaɗa Musulunci a yankin gaba ɗaya. Musuluncin nan ta hannun fatake da malamai ya shiga, mazhabar Shafi'iyya suke bi, kuma sun daɗe suna rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci, rubutun da suke kira Jawi, daidai da ajaminmu. Har gobe mashigin Malaka na cikin hanyoyin ruwa mafi cunkoso a duniya, man da Sin da Japan da Koriya ke saye daga ƙasashen Larabawa ta nan mafi yawansa ke bi.

Mai irin wannan kasuwa kuwa ba a barinsa ya sarara. Turawan Fotugal suka ci Malaka da yaƙi a 1511, Holan ta ƙwace daga hannunsu a 1641, sai Ingila ta shigo ta tsibirin Penang a 1786, ta kafa Singapo a 1819, a 1824 kuma ita da Holan suka zauna suka raba yankin, wanda asalin iyakar Malesiya da Indunisiya ke nan. A 1874 aka yi yarjejeniyar Pangkor da masarautar Perak, inda sarki ya yarda a ajiye masa Razdan, wanda dole a bi shawararsa a kan komai in ban da addini da al'adar Malay, wato ƙabilar 'yan ƙasar. Duk ɗan arewa ya san wannan tsarin ai. Sarki na nan da rawaninsa da fadarsa, amma haraji da baitulmali suna hannun Bature. Razdan na farko a Perak, Birch, bai rufa shekara biyu ba aka kashe shi a 1875. Kuma ba kama kawai tsarin ya yi ba, har ma'aikatan ɗaya ne, Hugh Clifford da ya yi gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925 a can ya fara aiki yana saurayi, ya yi Razdan a Pahang, bayan ya bar Legas ma daga baya can ya koma gwamna.

Inda labarinsu ya rabu da namu shi ne kuza da roba. Kuza na nan jibge a Perak da Selangor, Kuala Lumpur ita kanta sansanin masu haƙar kuza ce da aka kafa wajajen 1857. Roba kuma daga Burazil aka fitar da irinta a 1876 ta bi ta Landan ta iso yankin, da motoci suka yawaita a duniya sai ta zama zinariya. Turawa na buƙatar hannaye, sai aka buɗe ƙofa Sinawa suka yi ta kwararowa wajen haƙar kuza da ciniki, aka kuma yi ta jigilar Indiyawa, galibi Tamil, zuwa gonakin roba. Su kuwa Malay 'yan ƙasa aka bar su a ƙauye da noman shinkafa da kamun kifi, in ban da 'ya'yan sarakuna da aka yi wa makaranta ta musamman don aikin mulki. Kowace ƙabila da sana'arta, da unguwarta, da makarantarta, da harshenta. Lokacin da 'yanci ya gabato, Malay sun duba sun ga ba su wuce rabin jama'ar ƙasarsu ba, birane da shaguna da bankuna kuma duk na wasu ne. Wannan shi ne ciwon da siyasar Malesiya ke jinya tun daga lokacin har yau, in ba ka gane shi ba to ba za ka gane komai a kanta ba.

Japan ta mamaye ƙasar daga Disambar 1941 zuwa 1945, Sinawa ne suka fi ɗanɗana kuɗa a hannunta. Da Ingila ta dawo sai ta kawo wani tsari a 1946 na haɗe masarautun a rage ikon sarakuna a ba kowa takardar zama ɗan ƙasa cikin sauƙi, Malay suka yi ca, daga wannan boren aka haifi jam'iyyar UMNO ƙarƙashin Onn Jaafar, dole Turawa suka janye. A 1948 kuma 'yan gurguzu, waɗanda galibinsu Sinawa ne ƙarƙashin Chin Peng, suka shiga daji suka ɗau makami, aka yi dokar ta-ɓaci ta shekara 12, aka kwashe mutane kusan rabin miliyan aka zuba su a sababbin ƙauyuka masu shingen waya don a yanke wa 'yan tawayen abinci.

Cikin wannan hali ne manyan ƙabilun uku suka zauna, UMNO ta Malay, MCA ta Sinawa, MIC ta Indiyawa, suka ƙulla abin da ya zama ginshiƙin ƙasar. Sinawa da Indiyawa za su samu zama cikakkun 'yan ƙasa, ba wanda zai taɓa dukiyarsu ko ya hana su addininsu. Su kuma za su amince Musulunci ne addinin tarayya, harshen Malay ne harshen ƙasa, sarakuna na nan daram, kuma Malay na da matsayi na musamman a aikin gwamnati da guraben karatu da lasisin kasuwanci, wannan shi ne sashe na 153 na tsarin mulki. A kan haka Tunku Abdul Rahman ya karɓi 'yanci ran 31 ga Agustan 1957. Ran 16 ga Satumban 1963 aka faɗaɗa tarayyar da Singapo da Sabah da Sarawak aka raɗa mata suna Malesiya, Burunai ta ce ba da ita ba. Zaman da Singapo bai yi ƙarko ba domin jagoranta Lee Kuan Yew ya dage sai dai a yi ƙasar da babu fifikon wata ƙabila, shugabannin UMNO kuma suka ga wannan rushe yarjejeniyar ne, ran 9 ga Agustan 1965 aka raba gari.

Tsarin gwamnatin da suka gada na firaminista ne irin na Ingila, majalisar wakilai mai kujera 222, ga ta dattawa, jihohi 13 da yankunan tarayya 3, wato Kuala Lumpur da Putrajaya inda ma'aikatu suke da tsibirin Labuan. Amma akwai abin da babu irinsa a duniya. Jihohi 9 suna da sarakunan gado, kuma su taran nan ne ke zaɓen ɗaya daga cikinsu ya zama sarkin ƙasa baki ɗaya na shekara 5, karɓa-karɓa, in wa'adinsa ya cika ya koma jiharsa. Na yanzu shi ne Sultan Ibrahim na Johor, ya hau a ƙarshen Janairun 2024. Kowane sarki shi ne shugaban addini a jiharsa, shi ya sa kotunan shari'a na jihohi ne kuma Musulmi kaɗai suke yi wa hukunci, galibi a kan aure da gado da makamantansu. Musulmi sun kai kusan kashi 64 cikin 100 a ƙidayar 2020, saura 'yan Buda da Kirista da Hindu. Kuma a tsarin mulkinsu ba a zama Malay sai an zama Musulmi, don haka a can maganar ƙabila da maganar addini sarƙe suke, ba ka taɓa ɗaya ba ka taɓa ɗayar ba.

Yarjejeniyar 1957 ta riƙe shekara 12 sannan ta tsage. Bayan zaɓen Mayun 1969 inda jam'iyyun adawa na Sinawa suka samu ƙarin kujeru suka yi jerin gwanon murna, rikici ya ɓarke a Kuala Lumpur ran 13 ga wata, aka yi kashe-kashe da ƙone-ƙone. Gwamnati ta ce mutum 196 suka mutu, mutane da yawa na ganin adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Aka dakatar da majalisa kusan shekara biyu, mulki ya koma hannun wata majalisar gaggawa ƙarƙashin Abdul Razak wanda ya zama firaminista a 1970. A ganina nan ne aka haifi Malesiyar da muke gani yau. Razak da mutanensa ba su tsaya a kiran zaman lafiya da addu'a ba, sun ce tushen fitinar shi ne talauci ya yi kama da ƙabila, muddin in ka ce talaka kana nufin Malay, in ka ce mai kuɗi kana nufin Basine, to wuta za ta sake tashi. A 1970 kusan rabin gidajen ɓangaren yamma matalauta ne, kuma hannun jarin Malay a kamfanoni bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Sai a 1971 aka fito da Sabon Tsarin Tattalin Arziki mai buri biyu, a rage talauci ba tare da duba ƙabila ba, a kuma kai rabon 'yan asalin ƙasa, waɗanda ake kira Bumiputera, zuwa kashi 30 na hannun jari cikin shekara 20. Sharaɗin da ya hana abin zama fashi shi ne ba za a ƙwace na kowa ba, daga sabon arzikin da za a samar za a yi rabon. Ka ga ke nan dole tattalin arzikin ya riƙa girma, in ya tsaya to rabon ya koma faɗa. Wannan tilas ɗin shi ne ya sa gwamnatocinsu, duk da ɓarnar da suke da ita, ba sa wasa da masana'antu da masu zuba jari.

A nan ne manjan nan ya shigo da gaske. Tun 1956 aka kafa hukumar FELDA, aikinta ta sare daji ta shuka roba ko kwakwa, ta gina gidaje da makaranta da masallaci da hanya da injin matse manja, sannan ta ɗauko talakan da ba shi da gona ta ba shi kimanin eka 10 da gida, yana biyan bashin a hankali daga abin da ya girbe har gonar ta zama tasa. Iyalai fiye da 100,000 aka tsugunar a haka, kuma 'ya'yansu da yawa su ne likitoci da injiniyoyin yau. Aka kafa cibiyar binciken manja a 1979, aka kuma ɗora haraji mai nauyi a kan fitar da ɗanyen manja don a tilasta tace shi a gida. A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya, yau Malesiya na samar da tan miliyan 18 zuwa 20 a shekara, Indunisiya kaɗai ta fi ta, mu kuwa muna wajen tan miliyan ɗaya da rabi har muna sayowa daga waje. Hukuma ɗaya da ta yi shekara da shekaru tana aiki ɗaya, gwamnati ta zo ta tafi ba a rushe ta ba, wannan shi ne abin da suke da shi.

Haka asusun alhazai, Tabung Haji. Wani malamin jami'a, Ungku Aziz, ya lura cewa manoman Malay kan tara kuɗin Makka a ƙarƙashin katifa don gudun riba, ko su sayar da gona da shanu su tafi su dawo ba su da komai. Daga shawararsa aka kafa asusun a 1963, mutum na zuba abin da ya samu kaɗan-kaɗan, ana juya kuɗin a harkar halal ana raba masa riba har kujerarsa ta fito. Miliyoyin mutane ke da ajiya a ciki, shi ne kuma ya share fagen kafa Bank Islam a 1983, yau Malesiya na sahun gaba a harkar bankin Musulunci da sukuk, wato takardun zuba jari na halal. Tsarin adashen gata na alhazai da hukumar alhazan Najeriya ta ƙaddamar da bankin Jaiz a 2020 daga nan aka kwaikwayo shi. Amma shi ma asusun bai tsira ba, a 2018 aka gano bashin da ke kansa ya fi kadarorinsa, sai da gwamnati ta sa hannu ta cece shi.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne yau ba manja ne babban abin da Malesiya ke sayarwa ba, ba kuma fetur ba. Kayan lantarki ne, kusan kashi 40 cikin 100 na duk abin da take fitarwa. Asalinsa Penang ta rasa matsayinta na tashar da ba a biyan kwastan, rashin aiki ya yi katutu, sai babban ministan jihar Lim Chong Eu ya ware filin masana'antu a Bayan Lepas ya yi ta zawarcin kamfanonin waje, a 1972 Intel ta buɗe masana'anta a wajen, wasu suka biyo baya. 'Yan matan ƙauye suka cika masana'antun suna haɗa 'yan mitsi-mitsin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma har yanzu kaso mai tsoka na gwaji da kintsa waɗannan kaya a duniya a can ake yi. Fetur kuwa an kafa kamfanin man ƙasar, Petronas, a 1974, 'yan shekaru kaɗan kafin NNPC, aka bar shi yana tafiya kamar kamfanin kasuwanci, yana haƙo mai a ƙasashen waje, yana sayar da gas daga garin Bintulu na Sarawak, yana ba gwamnati riba duk shekara.

Yanzu sai Mahathir, wanda a wajenmu shi ne Malesiya, Malesiya ce shi. Ya yi mulki daga 1981 zuwa 2003, kuma wallahi ya yi aiki, babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu, motar Proton da ta fito a 1985, sabon filin jirgi, Putrajaya, tagwayen benen Petronas masu mita 452 da suka riƙe kambun duniya daga 1998 zuwa 2004. Lokacin da kuɗaɗen Asiya suka rushe a 1997 ya ƙi karɓar bashin IMF, a Satumban 1998 ya toshe fitar da kuɗi ya ɗaure ringit, kuɗin ƙasar, a kan 3.80 ga dala ɗaya har zuwa 2005, aka yi ta zaginsa amma ƙasar ta farfaɗo. Sai dai ya tarar da FELDA da Petronas da Penang da Tabung Haji duk suna tsaye, a kansu ya ɗora. Kuma dole a faɗi ɗaya gefen, a 1987 ya sa an kame mutane fiye da 100 ba tare da shari'a ba, a 1988 aka tsige alƙalin alƙalai Salleh Abas, abin da ya karya ƙashin bayan kotuna na tsawon lokaci, a 1998 ya kori mataimakinsa Anwar Ibrahim aka ɗaure shi, har aka kawo shi kotu da kumburarren ido saboda dukan da sufeton 'yan sanda ya yi masa. A zamaninsa ne kuma tsarin rabon nan ya fara karkata daga talakan ƙauye zuwa 'yan kwangilar da ke kusa da jam'iyya.

Wannan karkatar ita ta kai ga badaƙalar 1MDB. Najib Razak, ɗan Razak ɗin nan da ya kawo tsarin 1971, shi ya kafa asusun a 2009 da sunan raya ƙasa, aka ciwo bashin biliyoyin daloli, hukumomin Amurka suka ce an sace dala biliyan 4.5, kimanin dala miliyan 681 kuma ta faɗa asusun Najib na kansa. An sayi jirgin ruwa na alfarma da gidaje da lu'ulu'u, wanda ake zargi da kitsa abin, Jho Low, har yau ba a kama shi ba. Abin ya yi wa mutane ciwo har a zaɓen 9 ga Mayun 2018 suka kayar da ƙawancen UMNO karo na farko tun samun 'yanci, Mahathir ya dawo yana da shekara 92 bayan ya yi sulhu da Anwar ɗin da ya ɗaure. Kotu ta yanke wa Najib shekara 12, ya shiga kurkuku a Agustan 2022, daga baya hukumar afuwa ta rage masa zuwa 6. Tsohon firaminista a gidan yari, ba tare da juyin mulki ba, ba tare da an zubar da jini ba, wannan ni ya fi burge ni a kan kowane bene, kuma soja bai taɓa karɓar mulki a ƙasar ba tun 1957.

Amma tun daga nan siyasar ba ta zauna ba. Gwamnatin Mahathir ta rushe a Fabrairun 2020, Muhyiddin ya hau, Ismail Sabri ya karɓa a 2021, zaɓen Nuwamban 2022 kuma ba wanda ya samu rinjaye, sai da sarki ya shiga tsakani kafin Anwar ya zama firaminista, shekara 24 bayan korarsa, kuma da goyon bayan UMNO ɗin da ya yi shekaru yana yaƙa. Sarautar da ake ganin ta ado ce sai ga shi ita ke warware kulli. A wannan zaɓen jam'iyyar Musulunci ta PAS, wadda ke mulkin Kelantan tun 1990, ta fi kowace jam'iyya ɗaya samun kujeru, matasan Malay da yawa can suka karkata, birane da Sinawa kuma suna ɓangaren Anwar. Layin ƙabila da aka so a goge yana nan a taswirar zaɓe.

Shi kansa tsarin fifikon da aka ce na shekara 20 ne ya haura 50 ana sabunta shi da sababbin sunaye. Ya yi amfani, ba mai musun haka, talauci ya sauko daga kusan rabi zuwa wajen kashi 17 a 1990, a 2022 yana wajen kashi 6, an samu Malay masu ilimi da sana'a miliyoyi, kuma ba a sake irin ta 1969 ba. Amma ɗan attajirin Malay na samun rangwamen sayen gida wanda ɗan leburan Indiya ba ya samu, yaro Basine ya ci jarrabawa da kyau ya rasa kwas ɗin da yake so a jami'ar gwamnati, sai ya tsallaka Singapo ko Ostireliya ya ƙi dawowa. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2011 cewa 'yan ƙasar kimanin miliyan ɗaya ne ke zaune a waje, kullum kuma dubban ɗaruruwa na tsallaka gada daga Johor zuwa Singapo don dalar can ta fi ringit uku. Gonakin manja da masana'antu kuwa sun koma hannun leburori baƙi daga Indunisiya da Bangaladash da Nepal, waɗanda wasunsu ke zuwa da bashin dillalai a wuya a kuma riƙe musu fasfo, har Amurka ta hana shigar da manjan wasu manyan kamfanoni biyu a 2020 saboda zargin aikin tilas. Dajin da aka sare ma ba fanko ba ne, akwai mutanen asali, Orang Asli a yamma da ƙabilun Borneo, da suka rasa ƙasar kakanninsu ba tare da an tambaye su ba. Zuwa 2024 kuɗin shigar mutum ɗaya ya tsaya wajen dala 11,000 zuwa 12,000 a shekara, an fita daga talauci amma an daɗe ana ƙwanƙwasa ƙofar manyan ƙasashe ba a shiga ba, ga tallafin mai da ke cinye baitulmali wanda sai a Yunin 2024 aka iya cire na dizal a ɓangaren yamma.

Sai Sabah da Sarawak da na ce a riƙe. Su ba su ɗauki kansu jihohi biyu cikin 13 ba, cewa suke su abokan kafa ƙasa ne bisa yarjejeniyar 1963, shi ya sa har yau suna da ikon shige da fice nasu, ɗan Kuala Lumpur sai an duba takardunsa kafin ya shiga Kuching, babban birnin Sarawak. Mafi yawan gas da kaso mai yawa na man ƙasar daga gaɓarsu ake haƙowa, amma dokar 1974 ta miƙa komai ga Petronas ta bar wa jiha kashi 5 cikin 100, kuma Sabah ita ce jihar da ta fi talauci, kusan gida ɗaya cikin biyar, akwai ƙauyukan da har yanzu ba hanya ba ruwan famfo. Da can koke kawai suke yi ba mai saurare. Yanzu da manyan jam'iyyun yamma suka rarrabu, kujeru 56 da jihohin biyu ke da su a majalisa sun zama su ne ke tsayar da gwamnati ko su kayar da ita, Sarawak ta kafa kamfanin manta, Petros, tun 2017 tana ja da Petronas a kan wa zai riƙe cinikin gas a jihar, Sabah kuma na neman kashi 40 na harajin da tarayya ke tarawa a cikinta kamar yadda tsarin mulki ya rubuta. Anwar na buƙatar ƙuri'unsu don ya zauna a kujera, yana kuma buƙatar ribar Petronas don ya biya albashi da tallafi, kuma wa'adin majalisar nan zai ƙare ne a ƙarshen 2027.